Masu Duban Tsutsa

A ƙarshen watan Oktoba na 1865 wata cuta ta faɗa wa ƙauyen Hedersleben, a tsakiyar ƙasar da yau ake kira Jamus. Mutanen ƙauyen ba su fi dubu biyu da 'yan kai ba. Ciwon ya fara da amai da gudawa, don haka kowa ya ce kwalara ce, tun da a wannan shekarar tana zagaya Turai. Sai aka ga abin da kwalara ba ta yi. Fuska ta kumbura, fatar ido ta cika har mutum ba ya iya buɗewa, zazzaɓi ya ƙi sauka, hannu da ƙafa suka sandare don ciwo. Wasu tauna ta gagare su, wasu numfashi ma sai da azaba. Kafin abin ya lafa mutum 337 sun kwanta, 101 sun mutu, kuma leburorin masana'antar sukari ta garin su suka fi jin jiki. Da aka bi sawu, hanya ta kai ga rumfar mahauci, ga naman alade da aka niƙa aka ci ɗanye.

Na san abin da mai karatu zai ce. Alade dai? Ina ruwan wanda addininsa ya haramta masa shi tun kafin a haifi kakan kakan waɗannan Jamusawa? To, ni ruwana ne, domin da sana'ar duba nama na ci abinci. Shekaru na yi ina fita kafin assalatu in tafi kwata da wuƙa da hatimi, in tsaga hanta, in latsa huhu, in yanki tsokar muƙamuƙin sa, in ce wannan ya wuce, wancan a binne. Garuruwa sun daɗe da masu sa wa mahauta ido, mu ma muna da Sarkin Fawa tun kafin zuwan Bature. Amma tsarin da ya ce sai ma'aikacin hukuma ya duba kowace dabba, ɗaya bayan ɗaya, ya buga hatimi kafin ta shiga kasuwa, a Jamus ya yi ƙarfi, kuma tsoron tsutsar da ta jawo ciwon Hedersleben na cikin manyan abubuwan da suka ingiza shi. Har wata sana'a ta daban ta haifa, ta mutanen da ba su da aiki sai neman tsutsa guda ɗaya a cikin madubi. Sana'ar ta yi tashe, ta yi abin kunya, yau kuma ta kusa shuɗewa.

Labarin ya faro ne a Landan, shekara talatin kafin Hedersleben. Ranar 2 ga Fabrairu 1835 ana feɗe gawar wani ɗan Italiya da tarin fuka ya kashe, a asibitin St Bartholomew. Malaman fiɗa sun saba gamuwa da wasu 'yan ɗige-ɗige farare a tsokar wasu gawarwaki, masu tauri har suna dakushe wuƙa. Sukan ce ɓurɓushin ƙashi ne, su wuce. Wani ɗalibi ɗan shekara 21, James Paget, wanda ko shekara bai cika a makarantar ba, ya ƙi wucewa. Ya yanki tsokar ya ɗauka ya tafi gidan tarihi na British Museum, inda masanin tsirrai Robert Brown ya ara masa madubin likita. Ashe kowane ɗigo 'yar jaka ce, a cikinta tsutsa ta nannaɗe. An kuma aika wani yanki ga Richard Owen, wanda ya riga ya yi suna. Shi ya rubuta bayani, shi ya raɗa mata suna Trichina spiralis, shi ya kwashe yabon, ɗalibin ya samu ɗan ambato a gefe. Wannan hali na manya ba a Landan ya tsaya ba.

Shekara 25 tirikina ta zauna a littattafai a matsayin abin mamaki kawai, domin ba wanda ya ɗauka tana kisa. A 1846 Joseph Leidy na Filadelfiya a Amurka ya gan ta a yankin naman alade da yake cikin ci, amma ba a ba maganar muhimmanci ba. A 1859 Rudolf Virchow na Berlin ya ciyar da kare naman da ke ɗauke da ita, ya yanka shi bayan kwanaki, ya tarar da manyan tsutsotsi a hanjinsa. Rudolf Leuckart na jami'ar Giessen shi ma yana irin wannan gwaji da aladu. Kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya.

Wanda ya haɗa yankunan shi ne Friedrich Zenker, likitan binciken gawa a Dresden, kuma shi ne na fi girmamawa a duk labarin. Ranar 12 ga Janairu 1860 aka kawo wata 'yar aiki mai shekara 20 asibiti daga wata gona a bayan gari. Ta fara ciwo ne wajen Kirsimeti. Zazzaɓi, kasala, ciwon jiki mai sa ta kuka dare da rana, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe ba sa miƙuwa. Likitoci suka ce taifot ce. Ranar 27 ga wata ta rasu. Zenker yana nazarin yadda taifot ke lalata tsoka, shi ya sa ya ɗora ɗan yanki a ƙarƙashin madubi. Sai ya ga tsutsotsi birjik, da ransu, suna motsi, ba su ma kai ga shiga jaka ba. Ya duba hanjinta ya ga iyayen. A nan da yawa za su tsaya su rubuta takarda. Shi kuwa ya tashi ya tafi gonar. Ya tambaya aka ce an yanka alade kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti, yarinyar na cikin masu aikin naman. Ya ce a nuna masa ragowar. Cinyar da aka yi wa gishiri tana nan, da niƙaƙƙen naman da aka ɗura a hanji, kuma duk cike da tsutsa. Ya ci gaba da tambaya, ya gano mutanen gidan sun yi ciwo, mahaucin da ya yi yankan ma ya sha jinya, ana cewa sanyin ƙashi ne. Cikin 'yan makonni mutum ɗaya ya nuna daga ina cutar take, ta ina take shiga, da abin da take yi. Ya aika wa Virchow da Leuckart yankin naman, suka ciyar da dabbobi, suka tabbatar.

Ga yadda take aiki. Mutum ya ci nama mai jakunkuna, ruwan ciki ya narkar da jakar, tsutsar ta fito ta shige bangon ƙaramin hanji. Cikin kwana biyu ta balaga. Macen ba ta wuce milimita uku zuwa huɗu ba, namijin rabinta. Ba ta yin ƙwai, 'ya'ya take haihuwa da ransu, ɗaruruwa har sama da dubu cikin 'yan makonni. Wannan ne lokacin gudawa. 'Ya'yan su bi jini su zagaya jiki duka suna neman tsoka mai yawan aiki: tantanin da ya raba ƙirji da ciki, harshe, muƙamuƙi, tsokar ido, tsakanin haƙarƙari. Wannan ne lokacin zazzaɓi da kumburin ido da ɗigon jini a ƙarƙashin farce. Kowace ta shiga ƙwayar tsoka guda, ta juya ta ta zama gidanta, har jijiyoyin jini su kewaye gidan suna kawo mata abinci. Ta naɗe ta zauna, shekaru, tana jiran wani ya ci wanda take ciki. Masu mutuwa yawanci waɗanda tsutsotsin suka ratsa zuciyarsu ne ko ƙwaƙwalwa, ko tsokar numfashi ta gaza. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, ba ta ruwa, ba ta iska, ba ta sauro. Ƙofarta ɗaya ce, nama ya ci nama. Alade kuwa ba abin da ba ya ci: mushen ɓera, ragowar yanka, wutsiyar ɗan'uwansa.

Me ya sa Jamus, me ya sa ba Ingila ko Faransa ba? Al'ada ce. Mutanen Saksoni da tsakiyar ƙasar suna son naman alade niƙaƙƙe ɗanye, a barbaɗa gishiri da albasa a shafa a burodi, kuma har gobe suna ci. Ga kuma yankan gida na lokacin sanyi, inda iyali za su yi shekara suna kiwon alade ɗaya, a yanka, a kira maƙwabta, mai niƙa nama yana ɗanɗanawa don ya ji gishiri, a aika wa dangi rabonsu. Alade ɗaya sai ya shiga ciki ɗari. A 1863 a garin Hettstedt sama da mutum 150 suka kwanta bayan wata walima, fiye da 20 suka mutu. Bayan shekara biyu sai Hedersleben. Tsoro ya kama ƙasar, cinikin alade ya faɗi warwas.

Virchow ba likita kawai ba ne, kansila ne a majalisar birnin Berlin, kuma ɗan majalisar dokokin Prusiya. A 1864 ya fitar da ɗan littafi da harshen da kowa zai gane, ya ce abu uku: a gyara yadda ake ciyar da alade, a dafa nama sosai, a kuma duba kowane alade da madubi kafin a sayar. Mahauta suka yi masa ca. Suka ce tun kaka da kakanni ake cin naman nan, yau wani mai tabarau ya zo da tsutsar da shi kaɗai yake gani. Ba na ganin laifinsu ƙwarai, domin na sha tsayawa gaban mahauci yana riƙe da cinya yana cewa, "Malam, dubi naman nan da idonka, me ya same shi?" Idan hanta ce mai tsutsa ko huhu mai ƙurji, in tsaga in nuna masa, ya yi shiru. Amma aladen da ke ɗauke da tirikina lafiyarsa ƙalau, yana ci yana ƙiba, namansa ja wur, ba wari ba tabo. Za ka ce wa mutum ya zubar da jarinsa kan abin da ido da hanci da hannu duk suka ce lafiya. Wannan ne karo na farko da ƙwarewar mahauci, wadda ta gaskiya ce, ta zama ba ta da amfani ko kaɗan a kan wata tambaya ta nama.

Akwai wani labari da ake yawan bayarwa, wai Bismarck ya ƙalubalanci Virchow su yi fito-na-fito, Virchow ya ce makamin da ya zaɓa shi ne ɗurin nama biyu, ɗaya mai tsutsa ɗaya lafiyayye, kowa ya ɗauki ɗaya ya ci. Ƙalubalen ya faru da gaske a watan Yuni na 1865, a kan gardamar kuɗin sojan ruwa, kuma Virchow ya ƙi amsawa. Maganar ɗurin naman daga baya aka ƙaga ta. Amma a ce har an ƙaga ta an kuma yarda, ya isa ya nuna yadda tsutsar ta shiga bakin mutane.

Dubawa ta fara gari-gari a tsakiyar shekarun 1860, sannan lardi-lardi. A 1868 Prusiya ta yi dokar da ta ba birane ikon gina mayanka ta hukuma su hana yanka a wani wuri, Berlin ta buɗe babbar mayankarta a 1881. Sai dai yawancin aladu a ƙauye ake yanka su, a bayan gida, kuma likitocin dabbobi ba su isa ba. Mafita ita ce a ɗauki mutanen gari a koya musu. Wanzami, malamin makaranta, mai shagon magani, mai sana'ar hannu, a wasu wurare har mata, a yi musu 'yan makonni na horo, su ci jarrabawa, su yi rantsuwa, kowa ya mallaki madubinsa. Kafin ƙarshen ƙarnin sun kai dubbai masu yawa a Prusiya kaɗai, kusan kowane ƙauye da nasa.

Aikin kansa na haƙuri ne. An yanka alade da safe, a aika a kira mai duba. Ya zo da ɗan akwatinsa, ya yanki nama daga wuraren da tsutsar ta fi so, musamman gindin tantanin ƙirji kusa da ƙoda, da harshe da maƙogwaro. Ya sa almakashi mai lanƙwasa ya fitar da 'yan yankuna, kowanne girman ƙwayar hatsi, ya jera su a kan wani gilashi mai kauri da aka zana wa gidaje. Ya ɗora wani gilashin a sama, ya ɗaure da kusoshi biyu yana murɗawa har naman ya baje ya yi sirara. Ƙa'idar ita ce sai an iya karanta rubutun jarida ta cikinsa. Sannan ya sa ido a madubi mai ƙara girma sau talatin ko arba'in, ya bi gida-gida, layi-layi. Duk wannan lokacin alade na rataye, ruwa na tafasa, baƙi na jira, ba mai ikon taɓa naman. In bai ga kome ba ya buga hatimi ya rubuta a littafinsa. In ya gani, ya sanar da hukuma, a ƙwace alade, shekarar iyalin ta tafi. Har inshorar tirikina aka ƙirƙiro saboda wannan, manomi ya biya ɗan kuɗi kafin yanka don kada ya tashi a tutar babu.

Wanda ya taɓa aikin dubawa zai hango inda matsalar take tun kafin a faɗa masa. Ana biyan mai duba ne kan kowane alade, don haka sauri riba ce. Yana iya duba ɗaruruwa a jere bai ga tsutsa ko ɗaya ba, ido kuwa in ya saba da rashin gani sai ya daina nema. Ga duhun hunturu, ga fitilar da ba ta da haske, ga mai alade maƙwabcinsa ne, wataƙila surukinsa. Ko da ya yi aikinsa tsakani da Allah, 'yan yankunan da ya duba ba su kai loma ɗaya ba a cikin dabbar da ta fi shi nauyi, don haka alade mai tsutsa kaɗan-kaɗan yana iya wucewa. A 1883, lokacin da masu madubi suka riga suka bazu a yankin, cutar ta ɓarke a Emersleben da ƙauyukan kewaye, tafiyar 'yan sa'o'i daga Hedersleben. Mutum 403 suka kwanta, 66 suka mutu. An sha kai masu duba kotu, wasu sun yi zaman kurkuku. Duk da haka aka ci gaba. Dokar duba nama ta ƙasa baki ɗaya ta zo a 1900, amma ta bar wa jihohi zaɓi kan tirikina, jihohin kudu kuma suka ce mu dafa namanmu muke yi, ba ma buƙata. A 1930 wani gidan abinci a Stuttgart, a can kudun, ya sayar da cinyar beyar ƙanƙara da aka yi wa gishiri da hayaƙi, mutum 13 suka mutu. A 1937 aka wajabta dubawa a duk faɗin Jamus.

A tsakanin nan tsutsar ta shiga siyasa. Manyan mayankun Chicago suna turo naman alade mai araha Turai, manoman Turai na kuka. Daga 1879 Italiya ta hana shigo da shi, wasu ƙasashe suka bi, Faransa a 1881, Jamus ta rufe ƙofa gaba ɗaya a 1883. Dalilin da aka faɗa tirikina, kuma ba ƙarya ba ne aladun Amurka na ɗauke da ita, amma kowa ya san akwai maganar kasuwa a ƙasa. Don ta samu a buɗe, Amurka ta fara duba naman da za a fitar waje da madubi a 1891, ta ɗauki mata da yawa aikin a Chicago. Naman da Amurkawa za su ci a gida ba a duba shi. Abin ya ba ni dariya ranar da na fara karantawa. Daga baya Amurka ta tura masaninta Charles Wardell Stiles Berlin, ya zauna ya bi bayanan Jamusawa da kansu na shekarun 1881 zuwa 1898, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu naman da aka duba aka buga wa hatimi suka ci. Hujjarsa ita ce hatimin na sa mutane su saki jiki su ci ɗanye. A 1906 Amurka ta daina duban tirikina da madubi kwata-kwata, ta ce kowa ya dafa namansa.

Wa ya yi daidai? Jamus ta zaɓi ta riƙe ɗanyen namanta ta biya rundunar masu duba, kuma a hankali mace-macen suka ragu ƙwarai, domin kowane alade mai tsutsa da aka kama an cire shi daga zagayen, an kuma san gidan da ya fito. Amurka ta tsira daga irin annobar Hedersleben, amma da aka binciki gawarwaki a asibitocinta a ƙarshen shekarun 1930, sai aka tarar kusan mutum ɗaya cikin shida yana da tsutsar a tantanin ƙirjinsa, yawancinsu ba su taɓa sani ba. A ƙarshen shekarun 1940 ana samun rahoton kimanin mutum 400 a shekara, 10 zuwa 15 suna mutuwa. Tushen abin shi ne birane na kwashe sharar otal-otal da gidajen abinci, da ɗanyen guntun nama a ciki, su kai wa masu kiwon alade. Likitoci sun yi ta magana ba a ji ba. Sai a 1952 wata cutar aladu mai kama da ciwon baki da kofato ta bazu a ƙasar ta hanyar wannan shara, ta taɓa aljihun masu kiwo. Cikin shekara biyu zuwa uku kusan kowace jiha ta yi dokar tafasa shara kafin a ba alade. Ba don mutane aka yi dokar ba, amma su suka fi cin moriyarta. Kafin 1970 masu tsutsa a jiki sun koma kimanin kashi 4 cikin ɗari. Firiza ta shiga gidaje, kiwo ya koma cikin gine-ginen da ɓera ba ya shiga, yau rahoton bai cika wuce mutum ashirin a shekara ba, kuma galibi naman farauta ne. A ganina, ko da yake ba daɗi ga ɗan sana'a ya faɗa, kwamin abincin alade ya fi madubi aiki. Virchow ya yi maganar abincin tun 1864, shi ne ma na farko a jerinsa, aka tsallake aka kama na madubi saboda shi ne ake iya buga wa hatimi.

Romaniya ta nuna yadda abin ke komawa baya. Da gwamnatin gurguzu ta faɗi a 1989, manyan gonakin hukuma suka watse, aladu suka koma bayan gida, likitocin dabbobi suka rasa iko. A 1993 kaɗai an samu sama da mutum 3,600. Wata ƙidaya da masana biyu, Murrell da Pozio, suka yi ta shekarun 1986 zuwa 2009 ta tattara mutum 65,818 daga ƙasashe 41, da mutuwa 42, kuma kaso mafi tsoka daga Romaniya yake. Ajantina da kudu maso yammacin Sin da tsaunukan Tailan da Laos su ma suna fama, ko'ina da dalili iri ɗaya: aladen sake, yankan gida, ɗanyen nama na biki.

Gilasan nan biyu sun yi ritaya. Tun daga shekarun 1970 aka koma kwaikwayon ciki: a haɗa ɗan nama daga alade har ɗari, a niƙa, a zuba a ruwa mai ɗumi da sinadarin narkar da abinci da asid, a juya na kamar rabin sa'a, a tace, a duba abin da ya kwanta. In an ga tsutsa sai a koma a rarraba a gano mai ita. Aikin da zai ci wa wanzamin Saksoni mako guda, ma'aikaci ɗaya na gama shi kafin azahar, kuma ya fi kamawa. Dokar Tarayyar Turai ma yanzu ta yarda a daina duba aladun da aka tabbatar a killace suka tashi. Abin da ya rage dole shi ne aladen bayan gida, da aladen daji na mafarauta, da doki.

Doki kuwa ya ba kowa mamaki, tun da ciyawa yake ci. A 1975 a Italiya aka fara ganin cutar daga namansa, a 1985 sama da mutum dubu suka kamu a Faransa, inda wasu ke cin naman doki ɗanye ko rabin dahuwa. Ana kyautata zaton masu kiwo ne ke cakuɗa ragowar nama a abincin dokin don ya yi ƙiba kafin sayarwa. Sai kuma abin da ya faru a Izmir ta Turkiyya a farkon 2004, wanda shi ne amsata ta biyu ga mai cewa ina ruwanmu. Garin Musulmi ne. Akwai wani abincinsu na ɗanyen niƙaƙƙen naman sa da ake murzawa da yaji da alkama. Wani ya cakuɗa naman alade a cikin na sa don ƙarin riba, aka rarraba wa gidajen abinci da masu talla. Mutum 1,098 suka je asibiti, aka tabbatar da cutar a jikin 418. Ba wanda ya yi niyyar cin haram a cikinsu. Nama in an niƙa shi ba ya faɗin sunansa.

Afirka ma tana da nata jinsin. A 1959 wasu samari a gindin Dutsen Kenya suka kamu bayan cin aladen daji, George Nelson da abokan aikinsa suka bi sawu cikin namun daji, suka gano tsutsar na zagayawa tsakanin masu cin nama da masu cin mushe, kura a kan gaba. Da sunansa aka kira jinsin, nelsoni. A shekarun 1960 an samu masu cutar a Senegal daga naman gadu, an kuma samu a Habasha, an gano wani jinsin a namun dajin Gini, wani a kadojin da ake kiwo a Zimbabuwe. Rahotannin mutane ba su da yawa a nahiyar, kuma masu bincike na danganta hakan da abu biyu, haramcin addini da yadda muke barin nama ya daɗe a tukunya. Inda nake sa ido shi ne banda. Gishiri da shanya da hayaƙi ba su da tabbas a kan tirikina, abin da ke kashe ta zafi ne da ya ratsa har tsakiyar nama, digiri 71 a ma'aunin salshiyos, ba sauran ja ko kusa da ƙashi. Naman dajin da aka yi wa banda ya yi baƙi a waje, ba kai ba ƙafa, mai saye bai san ko mene ne ba, ba kuma wani mai hatimi da ya taɓa ganinsa. Wanda ya kamu akwai magani, albendazol ko mebendazol, da maganin rage kumburi in abin ya yi tsanani, amma sun fi aiki da wuri, kafin tsutsar ta gama gina gidanta.

Inda sana'ar ta fi kama da yadda ta faro yau shi ne can ƙarshen arewacin duniya. Jinsin da ke wurin, nativa, ba ya jin sanyi. Naman alade in an daskarar da shi a digiri 15 ƙasa da sifili na kwana 20 tsutsar ta mutu, amma ta beya da ta walrus, wata ƙatuwar dabbar teku mai haure biyu, tana iya shekaru a ƙanƙara da ranta. A 1947 a yammacin Girinlan kimanin mutum 300 suka kwanta, 33 suka mutu. A 2022 wasu dangi a jihar Dakota ta Kudu a Amurka suka gasa naman beyar da ya yi kwana 45 a firiza, shida suka kamu, biyu daga cikinsu ganyen da aka gasa tare da naman kawai suka ci. Mutanen Inuwit na yankin Nunavik a arewacin Kanada suna cin walrus ɗanye ko wanda aka bari ya yi tsami, kuma ba su da niyyar dainawa. Don haka tun shekarun 1990 suka tsara nasu. Mafarauta in sun kashe walrus sai su sa wa kowane yanki lamba, su yanke harshen, a sa shi a jirgin sama zuwa ɗakin bincike a garin Kuujjuaq. A narkar da shi a duba, cikin kwana ɗaya ko biyu a aiko da amsa. Ba a rabon naman sai ta iso.